GARIN DA AKA GINA KEWAYE DA HAIKALI

A ƙasar nan da wuya a sami wanda bai san wani abu game da Indiya ba. Tun zamanin da ake yin layi a ƙofar silima a Kano da Jos da Kaduna mun saba ganin mutanen Indiya suna shiga wani ɗaki, su kaɗa ƙararrawa, su haɗa hannuwa a gaban wata siffa da aka yi wa ado da furanni. Waɗansunmu malaman Indiya ne suka koya musu lissafi da kimiyya a sakandare, waɗansu kuma likitan Indiya ne ya duba su a asibiti. Don haka ba abin mamaki ba ne da yaran makarantarmu sukan tambaye mu, “Malam, ɗakin nan shi ne majami'arsu? Suna da ranar Lahadi? Suna da fasto?”

Tambayar yara ce, amma amsarta tana da tsawo, kuma akwai abin da manya za su tsinta a ciki. Bisa ga ƙidayar 1911 zuwa ta 2011 'yan Hindu su ne mafi yawa a Indiya, a ƙidayar 2011 sun kusan 80 cikin 100, Krista kuwa sun ɗan ɗara 2 cikin 100. A wannan wata za mu kai masu karatu wani gari a kudancin ƙasar, mu duba haikalinsa, mu ga aikin da yake yi wa mutane, mu ga kuma waɗanda ya bari a waje. Mun sani Manzo Bulus da ya isa Atina sai da ya zaga gari ya duba wuraren sujadarsu da kyau kafin ya buɗe baki ya yi musu wa'azi, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 17. Mu ma bari mu fara da dubawa.

Birnin Madurai

Madurai yana cikin jihar Tamil Nadu, a bakin kogin Vaigai, kusan mil 290 kudu da Chennai, wanda dā ake kira Madras. Tsohon birni ne ƙwarai, ya fi shekara 2,000, a nan ne sarakunan Pandiya suka yi mulki. Mutanensa yau sun fi miliyan ɗaya, harshensu kuwa Tamil.

A tsakiyar tsohon birnin haikalin Minakshi yake. Filinsa ya kai eka 14, an kewaye shi da babbar ganuwa ta dutse. Yana da hasumiya 14, huɗu daga ciki su ne manyan ƙofofi na gabas da yamma da kudu da arewa. Ta kudu ita ce mafi tsayi, ƙafa 170. Kowace hasumiya tana da faɗi a gindi, tana tsukewa zuwa sama, an cika jikinta da siffofin alloli da dabbobi da dodanni, an shafe su da launi iri iri. Bisa ga al'adarsu, kowace shekara 12 ya kamata a gyara ginin, a sabunta launin, a yi babban bikin keɓewa. An yi irin wannan biki a 1995 da 2009.

Ginin da ake gani yau ba shi ne na farko ba. A 1311 rundunar Sarkin Delhi, a ƙarƙashin wani jarumi Malik Kafur, ta kai wa Madurai hari ta kwashe dukiyar haikalin. Sarakunan Nayak ne suka sāke gina yawancinsa a ƙarni na 16 da na 17, musamman Sarki Tirumala Nayak wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659. A ciki akwai wani zaure da ake kira Zauren Ginshiƙi Dubu, ko da yake in an ƙirga 985 ne, kowane ɗaya an sassaƙa shi daga dutse. An gina shi a 1569, yanzu an mai da shi ɗakin ajiye kayan tarihi. Akwai kuma tafki mai matakala ta kowane gefe, sunansa Tafkin Badon Zinariya. Mutanen garin suna da tatsuniya cewa a zamanin dā a bakin tafkin nan ne taron mawaƙan Tamil yakan zauna ya auna sababbin waƙoƙi, mai kyau ta tsaya a bisa ruwa, marar kyau ta nutse.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne titunan garin. An shata su kewaye da haikalin, murabba'i cikin murabba'i, kamar faifai ƙarami a cikin babba. Titunan suna ɗauke da sunayen watannin Tamil: Adi, Chitirai, Avani, Masi, gama ta cikinsu ake zagawa da gumaka a bukukuwan shekara. Wato mai shago a Madurai, in ya faɗi sunan titinsa, ya riga ya ambaci wani biki na haikali. Wanda ya san yadda tsofaffin biranenmu suke, da fada da babban masallaci da kasuwa a tsakiya, unguwanni kuma suna kewaye da su, zai gane wannan tsari nan da nan.

Daga asuba zuwa dare

'Yan Hindu ba su da wata rana ɗaya a mako da dukan jama'a ke taruwa su zauna a benci su ji wa'azi. A wurinsu haikali gidan allahn ne, firistoci kuwa barorinsa. Ana buɗe ƙofa wajen ƙarfe 5 na asuba. Firistoci su yi wa gunkin wanka da ruwa da madara, su sa masa tufafi da furanni, su miƙa masa abinci, su zagaya masa fitila. Haka ake yi sau 6 a yini. Da dare, wajen ƙarfe 9, akan ɗauki siffar Shiva, wanda a nan ake kira Sundareswarar, a kai ta ɗakin matarsa Minakshi da kiɗa da busa, da safe a mayar.

Mai sujada yakan zo lokacin da ya samu dama, shi kaɗai ko da iyalinsa. Yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya sayi kwakwa da ayaba da furanni, ya bi layi har ya kai inda zai ga gunkin ido da ido. Wannan gani shi ne muhimmin abu a gare shi. Firist ya fasa kwakwar, ya mayar masa da rabi, ya ba shi toka ko jan gari ya shafa a goshi. Wanda ba Hindu ba an yardar masa ya zaga zauruka, amma ba ya shiga ɗakunan da ke can ciki.

To, amma sujada kashi ɗaya ce kawai na abin da ke gudana a wurin. A inuwar ginshiƙai za ka ga tsofaffi suna hutawa, iyali sun shimfiɗa zane suna cin abinci, ɗalibi yana bitar karatunsa. Akan kawo jariri a nuna shi, akan kawo amarya da ango, mai sabuwar mota ma yakan kawo ta ƙofar haikali a sa mata albarka. Akwai masu rera tsofaffin waƙoƙin Tamil waɗanda aka tsara fiye da shekara dubu da suka wuce, akwai masu busa wata doguwar algaita da ake kira nadaswaram tare da masu ganga. A waje kuwa mata suna zaune suna kitsa furen yasmin da zare, gama Madurai ta yi suna a dukan Indiya saboda wannan fure. Shekara da shekaru teloli da masu sayar da yadi da kayan tagulla sun cika wani zaure na dutse da Tirumala Nayak ya gina a gaban ƙofar gabas. A watan Fabrairu 2018 gobara ta tashi a shagunan da ke cikin harabar haikalin ta lalata wani tsohon zaure, bayan haka hukuma ta shiga kwashe masu shaguna zuwa wani wuri.

Yau wani sashe na gwamnatin jihar ne yake lura da kuɗi da filayen manyan haikalai, bisa ga dokar da aka yi a 1959. Tun 2002 kuma gwamnatin ta kafa tsarin ba da abincin rana kyauta a haikalai masu yawa, duk wanda ya zo da yunwa ya zauna a ba shi shinkafa da miya.

Abin da aka rubuta a jikin dutse

Wannan hali ba sabo ba ne. Mutanen Tamil na dā sun sassaƙa lissafin haikalansu a jikin bango, har yau ana iya karantawa. Misalin da ya fi shahara yana birnin Tanjavur, arewa maso gabas da Madurai, inda Sarki Rajaraja na gidan Chola ya gama gina wani babban haikali a shekara ta 1010. Hasumiyarsa ta kai ƙafa 216.

Rubutun bangon ya jera ma'aikatan haikalin da ladan kowa. Akwai mata masu rawa 400, an rubuta sunan kowace da gidan da aka ba ta da garin da ta fito. Akwai maza fiye da 200: makaɗa, mawaƙa, ma'aji, akawu, masu riƙe laima, masu kunna fitila, masu wanki, wanzamai, maginan tukwane, teloli, kafintoci da maƙeran zinariya. Ƙauyuka da yawa, har da waɗansu a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, suna kawo shinkafa kowace shekara don a biya su.

Dubi dabarar da suka yi wajen fitilu. In wani ya yi niyyar ba da fitila wadda za ta riƙa ci kullum, akan danƙa wa makiyayi tumaki 96, ko shanu 48, ko ɓaunar gida 16. Shi kuwa ya ɗauki alkawarin kawo mudun man shanu ƙayyadadde kowace rana, shi da zuriyarsa. Abin da garken ya haifa fiye da adadin nasa ne. Fitila ba ta mutu ba, makiyayi kuma ya sami abin yi. Kuɗin da aka ba haikali ma ba a binne su a tukunya ba, akan ba majalisun ƙauyuka rance, su riƙa biyan kashi ɗaya cikin takwas a shekara, da wannan ake sayen kafur da sauran kayan sujada.

A wani gari mai suna Uttaramerur an sassaƙa dokar zaɓe a bangon haikali wajen shekara ta 920. An raba garin unguwa 30. Akan rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a ganyen giginya, a zuba cikin tukunya, a kira ƙaramin yaro ya zaro a gaban jama'a. Sai mai shekara 35 zuwa 70 ne zai tsaya, wanda kuwa ya taɓa riƙe aiki bai kawo lissafin kuɗi ba, an hana shi da danginsa na kusa. Waɗanda aka zaɓa su ne suke lura da tafki da gonaki da lambuna. A Tirumukkudal kuma rubutun ƙarni na 11 ya nuna haikalin yana da makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai da asibiti mai gado 15, da likita da masu jinya da jerin magunguna.

Ashe haikali ɗaya ya zama wurin sujada, da rumbu, da banki, da makaranta, da asibiti, da zauren shawara. Manomi da makiyayi da maƙeri, kowa yana da igiyar da ta ɗaure shi da wurin.

Bikin Chitirai

Babban bikin Madurai yana faɗuwa a watan Chitirai, tsakanin Afrilu da Mayu. Labarin da suke bayarwa shi ne, Minakshi 'yar sarkin Pandiya ce, ta gāji sarautar ubanta, ta yi yaƙe-yaƙe, daga baya ta auri Shiva. Kowace shekara akan maimaita naɗinta da aurenta. Ranar ɗaurin auren matan aure da yawa sukan sabunta zaren aure da ke wuyansu, a kuma ciyar da dubban mutane kamar yadda ake yi a gidan biki. Kashegari a fito da manyan karusai na katako, masu tsayi kamar bene, jama'a su kama igiyoyi masu kauri su ja su ta titunan Masi. Ba inji, ba dabba, ƙarfin mutane ne kaɗai.

Akwai wata hikimar sarauta a cikin bikin nan. 'Yan Hindu ba ɗarika ɗaya ba ne, akwai masu bin Shiva, akwai masu bin Vishnu. Mutanen birni suna da bikin Minakshi, mutanen karkara kuma suna da bikin Alagar, wato Vishnu, wanda haikalinsa yake gindin dutse kimanin mil 13 daga gari. Tirumala Nayak ya haɗa bukukuwan biyu a wata ɗaya. Labarin ya zama cewa Alagar wan amarya ne, ya taso zai zo biki, ya makara a hanya, da ya iso bakin Vaigai ya ji an riga an ɗaura aure sai ya ƙi shiga gari. Har yau akan ɗauko siffarsa a bisa dokin zinariya a shiga da ita cikin kogin, mutane dubu ɗaruruwa suna kallo. Da haka sarkin ya jawo birni da ƙauye wuri ɗaya, 'yan kasuwa kuma suka sami ciniki.

Shi ne kuma ya sa aka haƙa wani babban tafki a gabashin gari, aka jawo masa ruwa daga Vaigai. A watan Janairu ko Fabrairu akan ɗora gumakan a kan kwalekwale mai fitilu a zaga da su a kan ruwa.

Waɗanda aka bari a waje

In muka tsaya a nan ba mu faɗi gaskiya duka ba. Haikalin da ya tara gari shi ne kuma ya nuna wa kowa iyakarsa. A al'adar Hindu ana haifar mutum a cikin wani aji, a ciki zai yi aure, a ciki zai mutu. Brahmin ne a sama, daga cikinsu firistocin manyan haikalai suke fitowa. A can ƙasa akwai waɗanda ake ɗauka ko taɓa su ƙazanta ne, masu shara da masu jima da masu ɗaukar mushe, waɗanda yau ake kira Dalit. Su ne suke noma gonakin haikali, amma ɗaruruwan shekaru ba a yarda su taka ƙofarsa ba. Kabilar Nadar ma, masu hawan giginya suna tatsar ruwanta, an hana su. Da suka yi arziki suka nemi shiga, rikici ya tashi, har aka rasa rayuka a garin Sivakasi a 1899.

Ran 8 ga Yuli 1939 wani lauya Brahmin mai suna Vaidyanatha Iyer ya ja Dalit biyar da Nadar ɗaya suka shiga haikalin Minakshi suka yi sujada. Yawancin firistoci suka ce an ƙazantar da wurin, suka janye, ba su komo ba sai 1945. Gwamnatin Madras ta yi doka ta kāre waɗanda suka shiga. Ɗaya daga cikin Dalit ɗin nan, Kakkan, daga baya ya zama minista a jihar. Mahatma Gandhi, wanda ya ƙi shiga haikalin muddin ana hana waɗansu, ya zo ya shiga a 1946. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar nan gaba ɗaya. Duk da haka har yanzu akan ji labarin ƙauyuka inda ake faɗa in Dalit suka nemi shiga haikalin gari. Doka takan buɗe ƙofa da rana ɗaya, zuciya kuwa takan ɗauki zamani.

Sai kuma zancen 'yan matan haikali. Akan keɓe yarinya tun tana ƙarama, a ce an aurar da ita ga allahn, ta koyi rawa da waƙa. Daga gidajen nan ne fasahar kiɗan kudancin Indiya ta tsira har ta kai ga zamaninmu. Shahararriyar mawaƙiya Subbulakshmi, wadda aka haifa a Madurai a 1916, ta kuma yi waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966, daga irin wannan zuriya ta fito. Amma yawancin yaran sun zama abin wasan masu kuɗi, ba su da ikon cewa a'a. Wata 'yar mishan daga ƙasar Ayalan, Amy Carmichael, ta iso Indiya a 1895. A 1901 wata yarinya 'yar shekara 7 ta gudo daga hannun matan haikali ta fāɗa wurinta. Daga nan Amy ta kafa gidan renon yara a Dohnavur, ta zauna a Indiya shekara 55 ba ta koma gida hutu ba har ta rasu a 1951. A cikin 'yan Hindu ma an sami masu yaƙi da al'adar, musamman wata likita, Muthulakshmi Reddi, wadda ta kai maganar majalisa. A 1947 aka yi dokar da ta hana keɓe yara a lardin Madras.

'Yan'uwanmu a can

Bishara ta daɗe a kudancin Indiya. Krista na jihar Kerala suna riƙe da labarin cewa Manzo Toma ne ya kawo musu ita. A 1606 wani fada na Katolika ɗan Italiya, Roberto de Nobili, ya zauna a Madurai, ya sa tufafi irin na malaman Hindu, ya daina cin nama, ya koyi Tamil da Sanskrit domin manya su saurare shi. A 1706 Ziegenbalg, Bajamushe, ya sauka a gaɓar teku a Tarangambadi, kafin ƙarshen 1715 kuwa an buga Sabon Alkawari da harshen Tamil. Mishan na Amurka ya fara aiki a Madurai a 1834. Yau Krista sun kai kusan 6 cikin 100 na mutanen Tamil Nadu.

Yanzu sai mu yi tunani a kan abin da mutum yake rabuwa da shi in ya karɓi Almasihu a gari irin wannan. Ya bar haikali, amma a haikali ake biki, a can ake haɗa aure, a can kakansa ya yi aiki, a can ake sanin wane ɗan wane. Ranar da dukan titi suke jan igiyar karusa, shi yana zaune a ɗaki. Wani lokaci a hana shi rijiya, a hana 'ya'yansa aure. Ƙaramar bangaskiya ba ta ɗaukar wannan kaya, mutum ɗaya kuma ba ya ɗaukarsa shi kaɗai.

Masu bi na farko a yankin Tirunelveli sun gane haka. Da tsanani ya yi yawa a kan Nadar da suka tuba, sai suka kafa ƙauyukansu. Na fari shi ne Mudalur a 1799, ma'anar sunan kuwa gari na fari. Waɗansu suka biyo baya, har akwai mai suna Nazarat. Suka sa majami'a mai doguwar hasumiya a tsakiya, makaranta a gefe, daga baya ɗakin magani. Ƙararrawa tana kiran su addu'a safe da yamma. Wani mawaƙi a Tanjavur, Vedanayagam Sastriar, ya tsara waƙoƙin yabon Yesu da muryoyin Tamil, ana rera su har yau. Daga yankin Tirunelveli ne Azariah ya fito, wanda a 1912 ya zama bishop na fari ɗan Indiya a ikkilisiyar Angilikan. A 1947 kuma Angilikan da Metodis da waɗansu suka haɗu suka zama Ikkilisiyar Kudancin Indiya.

Amma abin baƙin ciki, bambancin aji ya bi waɗansu har cikin majami'a. Akwai wuraren da Krista Dalit suke da makabartarsu dabam, an ja bango tsakanin matattu. Shugabannin ikkilisiya a can sun sha tsawata wa wannan, yaƙin kuwa bai ƙare ba.

Mu fa?

Ba mu kawo labarin nan domin mu yi sha'awar gumaka ba. Littafin Fitowa sura 20 ya hana mu yin siffa mu yi mata sujada, Allahnmu kuma ba ya bukatar a tashe shi da safe ko a ba shi abinci. Ceto yana cikin Yesu Almasihu kaɗai. Mun sani kuma ikkilisiya mutane ce, ko a gindin itace suka taru. Amma ko daga gonar maƙwabci mutum yakan ga yadda ake kaftu, ya komo ya duba tasa.

Majami'u nawa ne a garuruwanmu ake kulle su da kwado daga yammacin Lahadi sai wata Lahadi, ban da daren addu'a da ranar zumuntar mata? Ginin da jama'a suka yi da guminsu, suka ɗebo yashi da ka, yana iya zama ajin yaƙi da jahilci da yamma, wurin da 'yan makaranta marasa fitila a gida za su yi karatu, wurin awon jarirai, wurin da dattawa za su sulhunta masu rikicin gona tun ba a kai kotu ba. Iyayenmu sun san wannan. Tashar mishan ta dā majami'a ce da makaranta da ɗakin magani a fili ɗaya. Da gwamnati ta karɓi makarantu da asibitoci a shekarun 1970, da yawa cikinmu muka naɗe hannu kamar an sallame mu daga aikin.

Mu tuna da makiyayin Tanjavur. Bayan bikin godiya na kaka, hatsin da aka tara yakan tafi kasuwa nan da nan. Me zai hana a ware wani kashi a rumbun ikkilisiya, a ba gwauraye da marayu a watan Agusta lokacin da abinci ya yi wuya, a ba manomi rancen iri ya mayar bayan girbi? Me zai hana a ba matalauci akuya biyu ya yi kiwo, ya mayar da 'ya'yan fari a ba wani? Manzanni da kansu sun sa jama'a suka zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci ya tafi daidai, labarin yana Ayyukan Manzanni sura 6. In kuwa za a yi, a yi lissafi a fili. Mutanen Chola sun sassaƙa nasu a bango inda kowa zai gani, ma'ajinmu ma kada ya ji haushi in an ce ya karanta nasa a gaban jama'a.

Akwai kuma sabon tuba. A ƙasarmu ma akwai waɗanda bin Yesu ya raba su da gida da gādo da abokan wasa. Ba ya isa mu yi masa baftisma mu tafa hannu. Wa zai ci abinci da shi ranar da danginsa suke biki? Wa zai tsaya masa a matsayin uba in ya tashi neman aure? In ikkilisiya ba ta zama masa dangi ba, kada mu yi mamaki in ya koma.

Na ƙarshe shi ne ya fi nauyi. Yana da sauƙi mu girgiza kai a kan Dalit na Indiya. Amma a cikinmu akwai gidajen da har yau ba sa ba da 'yarsu ga zuriyar maƙera ko ta waɗanda ake ce kakanninsu bayi ne, ko da saurayin mai bi ne na kirki. Akwai inda zaɓen dattawa yakan zama ƙidayar kabila. Yaƙub sura 2 ta yi mana kashedi a kan ba mai tufafi masu kyau kujerar gaba a bar matalauci a tsaye. Ƙofar majami'armu a buɗe take, gaskiya ne, amma sai mu tambayi wanda yake zama a bencin baya ko shi ma haka yake gani.

In kuwa Allah ya haɗa mu da Ba'indiye a wurin aiki ko a kasuwa, kada mu yi wa addininsa ba'a. Mu gaishe shi, mu tambaye shi labarin garinsu, mu kira shi cin abincin Kirsimati, mu tuna da yawansu ba sa cin naman shanu, waɗansu ma ba sa cin nama ko kaɗan. Wanda ya ci tuwon gidanka ya fi saurin jin maganarka.

A sujadar iyali ta wannan wata, mu yi addu'a domin ikkilisiyoyin Tamil Nadu, Ubangiji ya rushe bangon aji a tsakaninsu. Mu yi addu'a domin sababbin masu bi a Indiya da a ƙasarmu waɗanda danginsu suka ƙi su. Mu roƙa kuma ya ba fastocinmu da dattawanmu hikima, su san yadda gidan Allah zai amfani gari dukan kwana bakwai na mako.